Ɗage Ranar Fitowar Gem: Yana Ƙara Masa Inganci Kuwa? Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da labari ya zo cewa an ɗage fitowar wani babban gem, musun da ake yi a gidajen gem na Bauchi kusan iri ɗaya ne, daga Wunti har Yelwa da Gwallameji. Wani ya ce gara a jira a samu abu mai kyau, wani ya ce yaudara ce kawai. Mun tattara tambayoyin da suka fi yawan dawowa daga bakin masu bugawa da masu gidajen gem.

1. Wa ke yanke shawarar ɗage gem?

Yawancin manyan gem hannu biyu ke riƙe da su. Akwai masu haɗawa, wato masu rubuta manhaja da masu zane da masu sauti da masu gwaji. Akwai kuma kamfanin da ke zuba kuɗi, ya yi talla, ya buga faifai, ya kai kasuwa. Masu haɗawa su ke fara ganin cewa aiki ba zai kammala a kan lokaci ba, amma mai kuɗi ne ke cewa a ɗage ko a fitar haka nan. Kowane wata da aka ƙara, albashin ɗaruruwan ma'aikata ne ake biya ba tare da ko kwabo ya shigo ba, shi ya sa ba a cika amincewa da sauƙi ba.

2. A taƙaice, ɗagewa tana ƙara inganci ko ba ta ƙarawa?

Ya danganta da irin ciwon da ke jikin gem ɗin. Ka ɗauki gini. Idan abin da ya rage filasta ne da fenti da saka wayar wuta, ƙarin wata uku zai sa a gama da kyau. Idan kuwa harsashin ne ya karkace, ko mai gidan kullum yana sauya inda za a yi ƙofa, ko shekara biyar aka ƙara wa magina ba za a samu gidan kirki ba.

Lokaci yana maganin sandarewa, da fita daga gem ba zato, da nauyin hoto, da matakin da ya yi wuya ko sauƙi fiye da kima. Lokaci shi kaɗai ba ya maganin gem ɗin da bugunsa ba daɗi tun asali, ko wanda shugabanninsa ba su tsayar da abin da suke so su yi ba. Amsa ta 6 da ta 7 sun kawo misalan ɓangarorin biyu.

3. Ba an ce mai kamfanin Nintendo ya ce gem ɗin da aka jinkirta ƙarshensa zai yi kyau, wanda aka yi wa gaggawa kuma ya lalace har abada ba?

Shigeru Miyamoto ake jingina wa maganar. Shi ba mai kamfanin ba ne, babban mai ƙirƙira ne a Nintendo, shi ya samar da Mario da Zelda. Masu bin diddigin tarihin gem sun nemi inda ya faɗe ta ba su samu tabbataccen tushe ba.

Ko da shi ya faɗa, maganar ta zamanin kaset ce, lokacin da abin da aka buga a kaset shi ne za ka zauna da shi. Yanzu ana aiko da gyara ta intanet. No Man's Sky ya fito a Agusta 2016 ya sha zagi saboda abubuwan da aka yi alkawari ba sa ciki, amma masu haɗa shi, Hello Games, suka yi shekaru suna ƙara masa abubuwa kyauta har sunansa ya gyaru. Final Fantasy XIV na 2010 rufe shi aka yi gaba ɗaya a 2012, aka sake gina shi, ya dawo a 2013 ya samu karɓuwa. Rabin farko na maganar ma ba kullum yake tabbata ba. Sai dai a gare mu nan, inda data ke da tsada, rabi na biyu yana da sauran gaskiya, kamar yadda za ka gani a amsa ta 11.

4. Me ainihin suke yi a watannin da aka ƙara?

Aikin gem yana da matakai. A matakin alfa, dukkan tsarin bugu ya shiga ko da bai yi kyan gani ba. A matakin beta, dukkan taswira da labari da sauti sun shiga, an daina ƙara sabon abu. Daga nan sai farautar kurakurai. Masu gwaji suna buga wuri ɗaya sau ɗari, suna gwada abin da mai hankali ba zai yi ba: su cire pad ana tsakiyar ajiye ci gaba, su tura mota cikin lungun da ba a yi don mota ba, su bar gem a kunne kwana guda cur. Duk kuskuren da aka samu ana rubuta matakan da za a bi ya sake faruwa, domin kuskuren da ba a iya maimaita shi ba da wuya a gano tushensa. Sannan a kasa su daraja-daraja. Na farko su ne masu kashe gem, ko goge ajiya, ko hana ka wuce wani mataki. Na biyu masu ɓata bugu amma ana iya kauce musu. Na uku na ido ne kawai, kamar hannun mutum ya shige bango. Babu babban gem da ke fita ba kuskure ko ɗaya. Abin da ake nema shi ne a share na farko kaf, a rage na biyu sosai.

Aiki na biyu shi ne rage nauyi. Gem mai tafiya a firem 30 cikin sakan yana da kusan milisakan 33 ya lissafa komai ya zana hoto ɗaya. Mai firem 60 yana da ƙasa da milisakan 17. Idan inuwa da hayaƙi da cunkoson mutane a titi suka cinye fiye da haka, sai ka ga hoto yana tsinkewa. Gyaran wannan zama ne na auna kowane ɓangare, a ga wanda ya fi cin lokaci, a rage shi ba tare da ido ya lura ba. Aiki ne mai cin makonni, kuma ba a iya yinsa sosai sai an daina ƙara kaya.

Abin da ke jan lokaci fiye da komai shi ne gyara ɗaya yakan ɓallo wani. An gyara yadda ƙofa ke buɗewa a wani gari, sai wani aiki da ke can ƙarshen labari ya daina farawa saboda ya dogara da ƙofar. Dole bayan kowane gyara a koma a sake gwada abin da a da yake lafiya.

5. Me zai hana su ƙara ma'aikata a gama da wuri?

Tun 1975 masanin kwamfuta Fred Brooks, wanda ya jagoranci babban aikin manhaja a IBM, ya bayyana cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Sabon zuwa sai ya koyi kayan aikin kamfanin, kuma ƙwararrun da ake buƙata su yi gyara su ne za su bar aikinsu su koya masa. Ana iya raba zanen bishiyoyi da gidaje ga kamfanonin waje. Kuskuren da ke can cikin injin gem, wato tushen manhajar da aka gina gem ɗin a kai, kuwa mutum biyu ko uku ne suka san hanyarsa.

6. Waɗanne gem ne ɗagewa ta amfana a zahiri?

The Legend of Zelda: Breath of the Wild an sa masa 2015, aka mayar 2016, bai fito ba sai 3 ga Maris 2017, kuma ya fito a tsaye da ƙafarsa. Elden Ring makonni biyar kacal aka ƙara masa, daga 21 ga Janairu zuwa 25 ga Fabrairu 2022. Red Dead Redemption 2 an ɗage shi sau biyu kafin 26 ga Oktoba 2018. A dukkansu masu aikin sun san irin gem ɗin da suke yi, lokacin ƙarasawa ne ya gaza.

Misalin da masu son kokawa za su fi ganewa shi ne WWE. WWE 2K20 ya fito a Oktoba 2019 cike da tangarɗa, fuskoki suna narkewa, 'yan kokawa suna nutsewa cikin dandali, har ranar 1 ga Janairu 2020 wasu ɓangarorinsa suka riƙa kashe gem saboda kuskuren kwanan wata. Kamfanin ya soke 2K21 baki ɗaya, ya dawo da 2K22 a Maris 2022, kuma bambancin a fili yake. Ubisoft ma, bayan kunyar Assassin's Creed Unity a 2014, sun tsallake 2016 ba su fitar da babban sabo ba, sai Origins a 2017.

7. Waɗanda aka daɗe ana ɗagewa kuma suka fito ba armashi fa?

Duke Nukem Forever an sanar da shi a 1997, ya fito a 2011. A tsakani an sauya injin da ake gina shi a kai, an watsar da aikin da aka yi, an sake farawa, har wani kamfani daban, Gearbox, ya karɓa ya ƙarasa. Da ya fito, tsohon yayi ne a hoto da bugu. Skull and Bones na Ubisoft an nuna shi a 2017, aka yi ta ɗagewa har Fabrairu 2024, kuma bai burge ba.

Dalilin ɗaya ne. Idan aka ce gem ya yi shekara goma ana yinsa, sau da yawa gem uku ko huɗu aka fara aka watsar, wanda ya iso hannunka kuma na ƙarshen ne, mai shekara biyu ko uku, shi ma da gaggawa aka ƙarasa shi. Ga shi kuma duniya ba ta jira: na'urori suna sauyawa, ƙwararru suna barin aiki, abin da ya burge mutane a tallar farko ya zama gama-gari.

8. Cyberpunk 2077 an ɗage shi har sau uku, me ya sa duk da haka ya fito a lalace?

Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya sa 16 ga Afrilu 2020, ya mayar 17 ga Satumba, sannan 19 ga Nuwamba, sannan 10 ga Disamba. Jimilla kusan wata takwas. Ɗagewar ƙarshe ta kwana 21 ta zo ne bayan sun riga sun sanar cewa an kammala kwafin da za a buga a faifai. A kwamfuta mai ƙarfi ana iya bugawa. A PS4 da Xbox One na asali kuwa abin ya munana, har Sony ta cire shi daga shagonta kimanin mako guda bayan fitowa, ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yuni 2021.

Matsalar ita ce girman abin da aka ɗora wa na'urar. PS4 ta 2013 ce, ƙwaƙwalwarta gigabait 8, ma'ajiyarta mai juyawa ce mai jinkirin karatu. Birni mai cunkoso da dogayen benaye yana buƙatar a riƙa ɗebo hotuna daga ma'ajiya da sauri yayin da kake gudu a mota. Idan ma'ajiyar ba ta kai ba, sai ka ga mutane ba fuska, gini ba bango. Wannan ba ciwon mako uku ba ne. Ko dai a rage girman birnin, ko a haƙura da tsoffin na'urori, ko a ƙara shekara. A ra'ayinmu gajerun ɗagewa a jere sun fi doguwa ɗaya illa, domin kowace tana sa ma'aikata su yi faci maimakon gyara daga tushe. Kuma tarihi ya nuna hakan: gem ɗin bai zama yadda ake so ba sai sabuntawar 2.0 da ƙarin Phantom Liberty a Satumba 2023, waɗanda ko fitowa ba su yi a PS4 ba.

9. Gem ɗin ƙwallo su ma ana ɗage su?

Da wuya. FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, yawanci yana fita ne a ƙarshen Satumba saboda an ɗaure shi da sabuwar kakar wasa da yarjejeniyar ƙungiyoyi. Gem ɗin ƙwallon da ya makara wata huɗu ya rasa rabin kakarsa. Shi ya sa sauyin kowace shekara kaɗan ne, kuma makonnin farko sukan zo da gyare-gyaren mai tsaron gida da saurin 'yan wasa.

Konami, masu yin PES, sun gwada ɗaukar lokaci. PES 2021 sabunta 'yan wasa ne kawai a kan na 2020, da nufin a samu sararin komawa sabon inji, Unreal. Duk da haka eFootball 2022, wato PES da sabon suna, ya fito ranar 30 ga Satumba 2021 da ƙungiyoyi tara, da fuskokin da suka zama abin dariya a intanet, da bugu mai nauyi. Kamfanin ya ba da haƙuri, babbar sabuntawar da aka sa wa Nuwamba ta koma Afrilu 2022. Sauya inji tamkar sake koyon sana'a ne, shekara ɗaya ba ta isa ba. Ba mamaki har yau ana samun gidajen gem da suka riƙe PES 2021.

10. Duk ɗagewa don inganci ake yinta?

A'a. Akwai gudun karo da babban gem. Titanfall 2 gem ne mai kyau, amma ya fito 28 ga Oktoba 2016, mako guda bayan Battlefield 1, mako guda kafin Call of Duty na shekarar, cinikinsa ya sha wuya. Baldur's Gate 3 ma matso da ranarsa aka yi a kwamfuta zuwa 3 ga Agusta 2023 don kauce wa cunkoson Satumba. Akwai lissafin shekara: kamfanoni da yawa, har da Nintendo da Sony da Ubisoft, suna rufe littafin kuɗinsu 31 ga Maris, don haka za ka ga ana tura gem zuwa Fabrairu ko Maris amma ba a so ya tsallake. Akwai matsalar jigila, kamar yadda korona ta sa aka ɗage The Last of Us Part II zuwa 19 ga Yuni 2020 alhali aikin ya kusa kammala. Akwai kuma tantancewar Sony da Microsoft da Nintendo, inda ake duba ko gem yana bin ƙa'idar na'ura. Wanda ya faɗi sai ya gyara ya sake kawowa. Ka lura, tantancewar ba ta auna daɗin gem ba ce.

Masu aikin su ma ba lallai su huta ba. Sau da yawa ɗagewa tana tsawaita watannin aikin dare ne. A CD Projekt an wajabta aikin kwana shida a mako gab da fitowar Cyberpunk. Wanda ya gaji kuwa shi ke shigar da sabon kuskure yayin gyara tsoho. Nintendo ta ambaci lafiyar ma'aikata cikin dalilan mayar da Animal Crossing: New Horizons daga 2019 zuwa Maris 2020, kuma irin wannan ɗagewar ce muke ganin ta fi haifar da ɗa mai ido.

11. Tunda ana gyarawa ta intanet, me ya dame ni da yadda gem ya fito?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu. Ana kammala kwafin faifai makonni kafin ranar fitowa, domin a buga a rarraba. Duk gyaran da aka yi a waɗannan makonni yana zuwa ne a sabuntawar ranar farko. Mai intanet mara iyaka a Ingila zai kwana ya tashi ya tarar an gama. Kai da ke Bauchi, yi lissafi: sabuntawa mai gigabait 40 a kan layin da ke ba da megabit 10 a sakan tana cin kusan awa tara, in layin bai yanke ba. In megabit 5 ne, awa goma sha takwas. Ga kuɗin data, ga man janareto. Idan ba ka sauke ba, abin da ke faifan za ka buga, wato siga ta 1.00, da duk kurakuranta. Don haka gem ɗin da aka ɗage har aka saka gyaran cikin faifai ya fi mana amfani nesa ba kusa ba a kan wanda aka fitar a kan lokaci aka biyo shi da faci.

Idan za ka sauke, ga abin kiyayewa. PS4 takan kwafi fayilolin gem yayin saka sabuntawa, saboda haka tana neman fili fiye da girman sabuntawar kanta. Share abin da ba ka bugawa tukuna. Ka haɗa da waya daga rauta maimakon Wi-Fi in da hali. Kada ka fara a kan wutar NEPA kaɗai in ba ka da inbata, domin ɗaukewar wuta lokacin da na'ura ke rubutu a ma'ajiya ita ke lalata fayil. In hakan ta faru, kashe na'urar gaba ɗaya, danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu bayan kamar sakan bakwai, haɗa pad da wayar USB, ka zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge ajiyarka. Wanda aka rubuta Initialize a jikinsa shi ke share komai, ka nisance shi.

12. Ta yaya zan gane ɗagewar alheri da ta matsala tun kafin gem ya fito?

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Alamar alheri ita ce an ba da sabuwar rana takamaimai, an faɗi abin da ake gyarawa, an kuma nuna doguwar bugawa ta gaske a kan na'urar da za ka saya. Alamar matsala ita ce ɗagewa ba rana, ko sauya shugaban aikin a tsakiya, ko sauya inji, ko gajerun ɗagewa a jere kamar na amsa ta 8.

Babbar alama ita ce yadda aka yi da masu sharhi. Kafin fitowar Cyberpunk, na kwamfuta kawai aka ba su, ba wanda ya ga na PS4. Duk kamfanin da ya ɓoye sigar na'urarka har ranar fitowa, ka riƙe kuɗinka. Ka kuma duba abin da aka cire don a cika alkawarin rana: Halo Infinite an ƙara masa shekara guda, daga ƙarshen 2020 zuwa 8 ga Disamba 2021, amma ya fito ba damar buga labarin tare da aboki, sai a Nuwamba 2022 ta iso.

13. In biya kuɗi tun kafin fitowa, ko in jira?

Ka jira. Gem na intanet ba ya ƙarewa a shago. Mako biyu sun isa ka ga bidiyon masu bugawa a irin na'urarka, ka san girman sabuntawa, ka ji ko ana kukan gogewar ajiya. A Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 in ba ka buga awa biyu ba. A shagon PlayStation kuwa da zarar ka fara saukewa hakkin mayarwa ya faɗi, sai in an tabbatar gem ɗin a lalace yake. Ga wanda ke amfani da asusun Amurka ko Ingila da katin da ya saya, neman hakkin ma wani aiki ne.

Mai gidan gem, naka lissafin daban ne, domin yara za su tambayi sabon FC tun makon farko. Sa shi a na'ura ɗaya tukuna, ka bar sauran a kan tsohon har gyare-gyaren farko su lafa. In faifai za ka saya a kasuwa, tambayi mai shago ko yana buɗewa ba intanet, ka gwada a gabansa.

14. GTA VI fa, ɗagewarsa alama ce mai kyau?

Tallar farko ta Disamba 2023 ta ce 2025. A Mayu 2025 masu haɗa shi, Rockstar, suka sa 26 ga Mayu 2026, a Nuwamba 2025 kuma suka mayar 19 ga Nuwamba 2026. In ka auna da ma'aunin amsa ta 12, kowace ɗagewa ta zo da rana takamaimai, kuma ta watanni ce, ba ta makonni ba. GTA V da Red Dead Redemption 2 duk an ɗage su, suka kuma fito da ƙarfi. An kuma sanar da shi ne a PS5 da Xbox Series X da S kaɗai, wato an kauce wa ramin tsoffin na'urori da Cyberpunk ya faɗa. Ga mai gidan gem da har yanzu PS4 ce jarinsa, ma'anar wannan ita ce babu sigar da zai iya sakawa, kuma watannin da aka ƙara lokaci ne na tara kuɗin PS5 ko da guda ɗaya, tare da tanadin data da fili a ma'ajiya kamar yadda aka yi bayani a amsa ta 11.